Gero Ya Fita, Dusa Ta Shigo

Tun da na dawo daga Jibiya 'yan fadarmu ta hira da ke bakin tashar Madarumfa suka hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Wannan ya ce ina tsaraba, wancan ya ce yaya naira, wani ya ce wai na rame kamar wanda ya yi jinya. Kullum amsata ɗaya ce, lafiya lau. To, ba lafiya lau ba ce, kuma na gaji da ɓoyewa. Ga labarin nan na rubuta, mai karatu a cikinku ya karanta wa sauran, bayan haka a bar ni in sha shayina.

Kun san bayan na bar koyarwa na koma yi wa wani proje na tallafin abinci aikin tambayoyi a ƙauyuka. Da kakar bara aka tura ni ƙasar Gabi, har da ƙauyenmu wanda ba zan faɗi sunansa ba, in bi gida gida in rubuta dami nawa kowane magidanci ya ɗaure. Na rubuta abin da aka faɗa mini, ban ƙara ba ban rage ba. Abin da ban rubuta ba shi ne tsutsa ta shiga zangarniya a shekarar. Damman suna nan da girmansu kamar kullum, domin manomin wurinmu ba ya ɗaure ƙaramin dami maƙwabci yana kallo, amma in ka sussuke wanda ya saba ba da tiya shida, da ƙyar ka tashi da biyu. Na gani da idona. Takardar ba ta da gurbin rubuta wannan, ni kuma ina sauri in gama, sai na ce a raina ai na biro, wato ofishinmu, sun sani.

Ba su sani ba. Da bazara ta yi aka fito da jerin ƙauyukan da za a kai wa hatsin rangwame, babu namu a ciki. Wana Lawali, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, yana can da baki goma sha ɗaya a gidansa. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Na hau mota zuwa Maraɗi na sami Madam Hadiza, wadda ke haɗa lissafin kayan da ke fita da shiga tsakanin yankuna. Mace ce mai magana a hankali, ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Ta ce ba wanda ya taɓa tsayawa ya ƙirga duk hatsin da ke barin wata ƙasa zuwa wata, kintace ake yi. Hanya ta farko, a ɗauki abin da aka noma a cire abin da bakunan wurin za su ci, abin da ya rage a ce shi ne ya fita. Ta biyu, a duba girman kasuwar da ke kusa da nisanta, domin babbar kasuwa tana jan kaya kamar yadda gidan biki ke jan jama'a. Da damman da na rubuta aka yi ta farko, ta nuna muna da rara. Ta biyu kuma ta ce rarar ta nufi Jibiya. Wanda ke sayar wa waje kuwa ba a sa shi layin mabukata.

Na gaya mata zancen tsutsa. Ta ce saura kwana goma a rufe jerin, kuma bakina kaɗai ba zai buɗe shi ba. Akwai hanya ta uku: in je bakin iyaka in ƙirga abin da ke wucewa da idona, in ƙetare in tambayi masu karɓar kayan nawa suke samu daga wajenmu. In abin da ke fita bai kai abin da aka kintata ba, rarar ƙarya ce, za ta sa ƙauyenmu. Haka na kama hanya ina roƙon Allah Ya sa in tarar da titi fayau.

Daga Madarumfa na shiga wata tsohuwar mota mai ɗaukar mutum da akuya ba bambanci. An ba ni wuri kan buhun aya, gwiwata a haɓata. Kuskuren da na yi shi ne fito da kaye, littafin rubutuna, da bik na rubutu ina gyara layuka tun a mota. Nan take hira ta mutu. Wata tsohuwa ta ja zanenta ta rufe kwandon da ke gabanta, mai buhun da nake zaune a kai ya rantse mini ba tare da na tambaye shi ba cewa ayar ta sadaka ce. Sai da taya ta fashe muka sauka, na kama ɗaga mota tare da kowa, rigata ta yi baƙi, sannan suka yarda ba mai karɓar haraji ba ne. Direba yana ɗaura taya yana duban rana, domin a hanyoyin nan yanzu ba mai son la'asar ta same shi a daji. Kowa a motar yana da wanda 'yan bindiga suka kore wa shanu ko suka ɗauke wa mutum, kuma suna faɗa ne kamar masu zancen farashin gishiri.

A Ɗan Issa na sauka gidan wani tsohon abokin karatuna, ya ba ni tabarma a zaure. Da safe na sami gindin bedi kusa da shingen duwan, masu binciken kaya a iyaka, na zauna da kayena. Kwana biyu ina ƙirga. Kamiyo, manyan motocin kaya, na albasa, na aya, na wake, na dabbobi, duk sun wuce, amma gero da dawa sai jefi jefi. Kada ku so ku ga farin cikina. Har na fara tsara yadda zan shiga biro in ajiye takarda gaban Madam.

Mai tuwon da nake ci wurinta, Rabi, ita ta ɓata mini wannan murna. Mace ce mai jiki da murya, tuwon dawarta da miyar kuka ba laifi, sai dai yajinta na iya tsayar da mota. Ta gaji da ganina ina zane zane ta tambaye ni abin da nake rubutawa. Da na gaya mata ta yi dariya har ta ajiye mara.

"Mushe, kana tsaron ƙohwa alhali katanga ta hwaɗi," in ji ta, don Mushe ake kiran ɗan boko a wajenmu. "Ni ban yi karatun lakkol ba, amma ranar da 'yan kabu-kabu sunka ci tuwona da nama, na san hatsi ya ƙetare da yawa. Satin ga kullum da nama suke ci."

Ta kwatanta mini wata hanya bayan gari, in bi ta gefen gonaki har in ga tsamiya biyu. Washegari da hantsi na je. Ban daɗe da zama ba suka fara wucewa: babura da buhu bibbiyu, amalanken shanu, jakuna, mata da ƙwarya a ka. Masu zuwa kudu da gero, masu dawowa da buhunan dusa, wadda na riƙa sawa a gurbin abincin dabbobi tunda nan takardar ta tanadar mata. Kafin azahar geron da na ƙirga ya ninka na kwana biyun bakin titi. Wasu masu amalanken na san fuskokinsu, mutanen ƙasar Gabi ne.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na kama shafin nan zan yage. Ba wanda ya aike ni tsamiya biyu, ba wanda zai san na je. In na kai lissafin bakin titi kaɗai, ƙauyenmu ya shiga jeri. Na riƙe takardar har ta jiƙe da gumin hannuna. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah kaɗai ba ne, har da haushin kaina. Shirun da na yi da kaka shi ya jawo wannan, ban ga yadda wani shirun zai gyara ba. Kuma abin ya tsaya mini a rai: mutanen da na san rumbunansu, ina suka samo geron sayarwa?

Ƙetare iyaka bai ba ni wuya ba. Na nuna katina nan, na nuna can, aka tambaye ni abin da zan je yi na ce ziyarar kasuwa. Wajen 'yan canji na ba da 'yan takardun sefa aka cika mini hannu da naira tsofaffi masu laushi kamar ganyen da aka dafa, na ji ni attajiri har zuwa lokacin da na biya kuɗin babur. Mutanen can 'yan'uwanmu ne, harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma sai ka ji duwan ta koma kwastan, mushe ya koma oga, kabu-kabu ya koma acaɓa. Ina cewa dala ɗari yaro da babba suka gane daga inda na fito. Shayinsu kuwa ya ba ni haushi. Mu da muka saba da ɗan kofi mai ɗaci a zauna a yi ta hira har zagaye uku, sai ga mutum ya miƙo mini kofi kamar na alwala cike da madara, da rabin burodi, a sha a tashi.

Rabi ta haɗa ni da wani dillalin hatsi a Jibiya, Alhaji Mudi, wanda ya sauke ni a shagonsa. Kwana biyu na yi kan buhunan wake, warin maganin ƙwari yana sa ni ciwon kai, ɓeraye suna harkarsu ba ruwansu da baƙo. Alhaji mutum ne mai kyauta, ya ciyar da ni shinkafa da wake da mai da yaji har na ƙoshi, amma da na tambaye shi buhu nawa yake karɓa daga wajenmu a sati, sai ya ce Alhamdulillahi. Na sake tambaya ya ce ana samu. Na juya ta wata hanya ya tambaye ni lafiyar iyalina. Dillalai huɗu na zagaya, duk amsarsu ke nan. Ga kuma rigimar awo, su da mudu mu da tiya, kowa yana cewa nasa ne na gaskiya.

Sai da na rufe kaye na sa a aljihu sannan Alhaji ya yi magana. Ya kwance bakin wani buhu ya ɗebo gero ya zuba mini a tafin hannu, ya ce in duba da kyau. Ƙwayar ƙanana ce, da yashi, da kashin ɓera.

"Shekara talatin ina sayen geronku," ya ce. "Mai rara yana kawo buhu cikakke, ɗinkakke, ya tsaya ya yi ciniki. Wannan na ƙasan rumbu ne, shara aka yi. Rabin buhu suke kawowa, ba sa ma jayayya. In kana son lissafin gaskiya, bar ƙirga abin da suka kawo, je ka ga abin da suke komawa da shi."

Ranar kasuwa na shiga layin masu dusa. Ban taɓa ganin layin nan da cika haka ba, kuma yawancin masu sayen mutanenmu ne. Na tsaya gefe ina kallo. Wanda zai saya wa tumaki yakan cusa hannu ya ji ko ta jiƙe, shi ke nan. Waɗannan kuwa sai mutum ya ɗebo ya baza a tafin hannu yana neman tsaki a ciki, sannan ya waiga hagu da dama ya kai ɗan kaɗan bakinsa. Rabin buhun gero yana sayen buhunan dusar masara da za su kai gida nesa da inda geron zai kai shi. Nan na gane abin da na yi ta rubutawa a gurbin abincin dabbobi. A takardata ƙasarmu ta zama mai rarar gero har da garken da ake yi wa sayayya daga waje.

Ina tsaye na hango wata ƙeya da na sani tun ina yaro. Yaya Lawali ne, durƙushe gaban buhu, da rigarsa ta zuwa Juma'a. Tumakinsa tun bara aka kore su tare da na gari, ko kaza babu a gidan. Na so in juya kafin ya gan ni, amma ya riga ni. Ya ɗago muka haɗa ido, dusa a leɓensa. Ya sa bayan hannu ya goge.

Muka gaisa kamar a ƙofar masallaci, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, na tambayi nasa. Ya dubi aljihuna inda kaye ya leƙo.

"Aikin naku ne ya kawo ka?"

Na ce shi ne.

"To rubuta. Buhu ukku, na tumaki."

Na ce, "Yaya, waɗanne tumaki?"

Ya ɗaure bakin buhun. Sannan ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Kasuwar Gabi ta hi kusa, Sani. Ka san abin da ya sa na biyo hanyar ga da ake ɗaukar mutane na zo har nan? Don nan ba wanda ya san ubanmu. Ka rubuta na tumaki."

Na yi masa bayanin jerin, na ce in aka san mutane ke ci za a kawo wa gari hatsi, kuma laifina ne tun farko da ba a kawo ba. Ya ce shi bai ga laifina ba, dami nawa ya faɗa mini shi na rubuta. Ya ce gidaje da yawa a garin abin da suke ci ke nan, kowa ya sani, kowa yana gaida kowa da Alhamdulillahi, kuma wannan rufin asirin shi kaɗai ya rage musu. Na ja shi rumfar mai abinci. Ya ci rabin kwano a hankali, ya ce yaji ya yi masa yawa, ya sa aka ƙulle masa sauran a leda.

Tare muka dawo a bayan wata buɗaɗɗiyar mota, muna zaune kan buhunansa. Haka muka taho daga Jibiya har Ɗan Issa. Da za mu rabu ya kama hannuna ya ce in gaida yara, ya ƙara da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ce na ji.

Saura kwana uku a rufe jeri na shiga biro. Na ba Madam Hadiza duk abin da na ƙirga, na titi da na tsamiya biyu, na gaya mata maganar Alhaji Mudi da abin da na gani a layin dusa, ban ambaci kowa ba. Ta duba ta ce a takarda lissafina ya ƙara tabbatar da rarar ne, gero yana fita, abincin dabbobi yana shiga. Ta yarda da ni, amma waɗanda ke sama da ita ba za su canza jeri don wani ya ga mutum ya ɗanɗana dusa a kasuwar wata ƙasa ba. Tana bukatar gida ɗaya da za ta shiga da ƙafarta, ta ga rumbu, ta ga tukunya, ta rubuta sunan mai gidan. Ta tambaye ni ko na san gida ɗaya.

Gidaje da yawa nake zato, amma ɗaya kaɗai na tabbatar. Na tuna yaran gidan, na tuna ƙaramar da aka sa wa sunan mahaifiyarmu. Na faɗi sunan wana.

Washegari muka tafi da farar motar proje. Kun san ƙauye, mota ba ta shiga a ɓoye. Kafin mu tsaya ƙofar gidan rabin gari ya taru, har da mai gari. Madam ta yi iya ƙoƙarinta, ta ce a koma baya, ba wanda ya koma. Aka leƙa rumbu, aka sauko da dami ɗaya da ya ajiye na iri aka sussuke, bai cika tiya biyu ba. Sannan ta nemi ganin tukunya. Matar Yaya ta dube shi, shi kuwa yana duban ƙasa. Ta ɗaga murfin. Wata tsohuwa a bayan danga ta fara salati. Wasu magidanta suka sulale suka tafi, na san kuma ba don ƙyama ba ne, tukunyarsu suka gani.

An sa ƙauyenmu a jeri, da wasu ƙauyuka na kusa da aka sake dubawa saboda shi. Madam ta ce daga bana za a riƙa sussuke dami a auna kafin a rubuta, za a kuma tambayi mai sayen dusa wa zai ci. Ta yi mini godiya. Ban ji daɗin godiyar ba ko kaɗan.

Ranar da hatsin ya iso na je. Mutane suna ta sa mini albarka, wata har da guɗa. Aka kira sunan Yaya ya fito ya karɓi nasa, domin ba zai bar yara da yunwa saboda fushi ba. Na kama masa buhun muka kai har ƙofar gida. Zan sa kai cikin zaure ya ajiye nasa gefen ya tsaya a gabana. Ba tsawa, ba zagi, idonsa ma a bushe.

"Ka ciyar da gari, Sani, Allah shi saka maka," ya ce. "Amma ni ka tuɓe ni gaban ɗiyana. Gidan ga, ranar da ka ji na mutu ka zo. Kahin nan, a'a."

Ya ja buhun shi kaɗai ya shiga.

Har yau in na auna abin, ban ga yadda zan yi in ba haka ba, kuma wannan bai rage mini komai ba. Daga nan tasha zuwa ƙauyenmu ba ta kai awa ɗaya a babur. Ruwa ya sauka, an yi shuka, an yi noman farko, na ji an ce geronsa ya yi kyau. Ban je na gani ba.